Shawarwarin tsaro ga mai zuwa ƙasar da ba ta zaune lafiya

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda matafiyi zai kare kansa a irin wannan ƙasa.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ban da tafiyar dare. A kama hanya da hantsi, a sauka kafin magariba, don an fi tare hanya da duku-duku da almuru.

2. A tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar tafiyar. Labarin jiya ba ya aiki yau.

3. A shingen jami'an tsaro a rage gudu, a sauke gilashi, hannuwa su kasance a fili. Kada a ɗauki hoton soja, gada ko bariki. Da yawa sun ce wannan kaɗai kan jawo tsarewa.

4. Fasfo da katin rigakafin shawara a jiki, kwafinsu a wata jaka. Kuɗi a kasa su gida 3.

5. A riƙe layin waya 2, a rubuta lambobi a takarda, tunda akan katse sadarwa idan aka yi juyin mulki.

Inda aka rabu shi ne bin ayarin sojoji. Wasu na ganin kariya ce. Wasu sun ce ayarin ake hara da nakiyar da ake binnewa a hanya, gara motar haya ta talakawa ko jirgin sama. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi a ganina.