Tiransifa daga Saifurus zuwa jami'ar gida, akwai wanda ya taɓa yi?

ɗan_sharaɗa22:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema kuma wanda ya san abin nake so ya amsa, ba "naji ance" ba. Ina karatu a wata jami'a a Arewacin Saifurus, injiniyan lantarki, na shiga watan Satumba 2022 lokacin da ASUU ke cikin yajin aikin nan na wata takwas, Baba yace shi ba zai zuba ido ina zaman kashe wando a gida ba. Lokacin da fom A ake biyan kuɗin makaranta ta banki, dala ɗaya naira ɗari huɗu da wani abu, to tunda aka saki naira a watan Yunin 2023 abin ya fara fin ƙarfinmu, da dala ta haura 1,500 kuwa sai da Baba ya sayar da filinsa kafin na yi rijistar simestar da ta wuce, kuma har yanzu makaranta na bina rabin kuɗin. Shi bai ce min in dawo ba amma ni ina jin muryarsa a waya na san an kai bango, ga ƙannena huɗu suma suna makaranta.

Simesta huɗu na gama, CGPA ɗina 3.1 bisa 4. Ina so in dawo BUK ko ABU ko ta Wudil. Shin za su ɗauke ni a lebul 300? Me ake buƙata? Sai na sake rubuta JAMB? Wani abokina yace yana da wanda zai shigar da ni ta sama in na bada wani abu, ni dai hankalina bai kwanta ba.

baban_hanifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na yi shekaru a ofishin harkokin karatu na wata jami'ar gwamnati, irin fayil ɗinka sun bi ta teburina ba ɗaya ba biyu ba, don haka bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Kada ka sake ka hau jirgi ba tare da ka gama maganar transkirif ɗinka ba. Makarantar da ke binka bashi ba za ta saki transkirif ba, kuma nan gida ba wanda zai kalli takardar da ka buga daga fotal ɗinka da kanka, ana son wanda makarantar ta aiko kai tsaye zuwa ofishin rijistara ko ta rufe a ambulan da hatiminta. In kana can kana iya zirga-zirga ofis ofis har a sa hannu, in ka dawo Kano kuwa imel za ka yi ta aikawa ana ce maka ana dubawa. Ko da abin da ya rage a hannun Alhaji kuɗin bashin nan ne kawai, a biya shi.

Ka kuma karɓo bayanin kowane kos da ka yi, wato abin da aka koyar a ciki da awanninsa, saboda dipatmen ne ke zama su ɗora kwasa-kwasanka kan nasu ɗaya bayan ɗaya. Ku can da ECTS, ma'aunin nauyin kwasa-kwasai na Turai, kuke lissafi, 30 a simesta, digirinku shekara huɗu. Mu nan injiniyarin shekara biyar ne, ga SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, a lebul 400, ga su GST, kwasa-kwasan gama-gari, da ba ka taɓa yi ba irin na al'adun Najeriya da na sana'a, ga kuma sabon tsarin CCMAS da hukumar jami'o'i NUC ta kawo wanda kashi 70 na manhaja daga wurinta yake. To in an ɗora aka ga giɓin ya yi yawa lebul 200 za a ce maka, kuma gaskiya yawancin waɗanda na gani nan aka ajiye su. Lebul 300 yana yiwuwa amma kada ka sa rai har ka gaya wa mutanen gida. Sama da haka ma kar ka yi tunani, dole sai ɗalibi ya yi aƙalla zangon karatu biyu cikakku a jami'ar kafin ta ba shi shaidarta.

JAMB ba sai ka sake zama jarrabawa ba in tiransifa ce, amma dole maganar ta bi ta wurinsu. Kaje ofishinsu na jiha kace tiransifa daga jami'ar waje kake so, za su nuna maka abin da za ka cike. Shi wannan na abokinka ka rabu da shi. Zai iya samo maka lambar rijista har ka zauna aji ka rubuta jarrabawa, sai ranar da ka gama aka zo tura sunaye NYSC a duba jerin JAMB babu kai, lokacin shi ya daɗe da canza layi.

Maki kuma 3.1 bisa 4 ba laifi, in aka juya shi ma'aunin 5 zai faɗo wajen 2:1, wato daga 3.50 zuwa sama, amma kowace jami'a da yadda take juyawa da kuma mafi ƙarancin da take karɓa. Abin da ya fi maki tasiri shine gurbi. In ajin ya cika to ya cika, ko fas kilas gareka.

ummu_sudais:
Ni Sudan na baro ba Saifurus ba amma hanyar kusan ɗaya ce. Ina shekara ta uku a likitanci yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, da jaka ɗaya muka fita a bas zuwa iyakar Masar muka yi kwanaki a can kafin aka kwaso mu ta Aswan, waye ma ke ta transkirif a lokacin. Da muka dawo JAMB ta fitar da tsari na musamman don irinmu har da rantsuwar kotu kan matakin da mutum yake, amma duk da haka wlh sai da na yi wata da watanni ina bin wani malaminmu da ya koma Alƙahira a WhatsApp kafin takarduna suka fito. Kai da makarantarka ke buɗe ofis na aiki ai ka gode Allah.

Mu namu ya fi naku wuya saboda hukumar likitoci MDCN ta ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ba a wuce shi. Wurare uku na nema, ɗaya ce ta amsa, kuma lebul 200 suka mayar da ni na sake anatomi da fiziyoloji daga farko tare da yaran da na girma da shekara uku. Satin farko kuka nake a hostel kullum, yanzu kam na saba har ni suke kawo wa tambaya. Shawarata kar ka nemi wuri ɗaya, ka watsa uku ko huɗu har da na jiha, kuma ka tura wani babba daga gida yaje da ƙafarsa ya ga shugaban dipatmen ya tambaya ko akwai gurbi kafin a sayi fom. Wannan ba cin hanci bane, tambaya ce kawai, ta fi ka biya kuɗin fom ka zauna jiran gawon shanu.

Ka duba risol ɗinka na sakandare ma, ƙawata a nan aka kama ta.

ɗan_sharaɗa22:
Na gode Baban Hanifa, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Maganar risol ɗin nan ta sa na tashi na ɗauko shi yanzu a akwati. WAEC ɗina ina da B3 a lissafi, C4 fiziks, C6 Turanci, amma kemistiri D7 ne. Su nan ba su ce komai ba suka ɗauke ni a haka har da ragin kashi 50 na kuɗin makaranta. Zai zama matsala ne alhali na riga na ci kemistiri na jami'a da B?

baban_hanifa:
Zai zama, babba ma. Kiredit biyar ake nema a zama ɗaya ko biyu, kuma na injiniyarin dole da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a ciki, D7 kuwa ba kiredit bane. Mai tantance takardu ba ruwansa da B ɗinka na jami'a, layin O lebul yake bi da biro. In kana da NECO ka duba ko ka ci a can a haɗa, in babu ka yi rijistar ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, WAEC ko NECO, ka cike giɓin. Kuma ko da ka zauna can ka gama wannan D7 ɗin zai iya jiranka a gaba wajen tantancewar NYSC ta waɗanda suka yi karatu a waje, gara ka kashe shi yanzu ko ta wace hanya ka bi.

injiniya_ba_ofis:
Ni dai zan ɗan saɓa da kowa a yi haƙuri. Malam ka zauna da biro da takarda tukun. Can shekara biyu ta rage maka. Nan in an sa ka lebul 200 shekara huɗu ce a takarda, ban sa yajin aiki ba, ban sa shekarar da za ka ɓata wajen gyara kemistiri da jiran sinet ta jami'a ta zauna ba, kaga ana maganar biyar kenan ko fiye. Eh kuɗin jami'ar gwamnati ko bayan ƙarin da aka yi bai kama ƙafar abin da kake biya da dala ba, ga asusun bashin karatu NELFUND ma an buɗe a 2024 kana iya neman bashi, wannan gaskiya ne. Amma shekara uku ta rayuwar mutum ma kuɗi ce.

Kafin ka yanke ka je ofishin ɗaliban waje na makarantarku ka tambayi abu biyu, ko za su bari ka biya kashi kashi, da kuma ko za ka iya dakatar da karatu na simesta ɗaya ko biyu ba tare da ragin kashi 50 ɗinka ya tafi ba. In dakatarwa ta yiwu ka dawo gida ka rubuta kemistirinka, ka nemi tiransifar kana nan da kanka, in ta fito da lebul mai kyau ka karɓa in ba ta fito ba kujerarka na can tana jiranka. Kar ka rubuta takardar barin makaranta sai ka riƙe adimishan na nan a hannu, na ga wanda ya saki reshe ya kama ganye, shekara biyu yana gida ba can ba nan.

Masu zaman kansu irin su Nile da Baze a Abuja sun fi saurin duba fayil, sai dai kuɗinsu miliyoyi ne a shekara, in don sauƙi kake gudowa ba lallai ka ga sauƙin ba. Sannan tun abin da ya faru da digirin bogi na Kwatano a farkon 2024 da gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, duk takardar da ta fito daga waje ana mata kallon tsaf, don haka ka tabbatar kos ɗinka na da amincewar YÖDAK, hukumar kula da jami'o'i ta can, kuma ka riƙo shaidar hakan, da fasfo ɗinka mai tambarin shiga da fita, kar ka yar da tsohon ko ya ƙare.

Kuma dan Allah ka yi magana da Alhaji ƙeƙe da ƙeƙe. Kai kana ta lissafi kai kaɗai a ɗaki, wataƙila shi yana da nasa lissafin da bai gaya maka ba.

ɗan_sharaɗa22:
NECO ban yi ba wlh, WAEC kaɗai na zauna. Gobe Litinin zan shiga ofishin in tambayi maganar dakatarwar da nawa ne daidai bashin, yayana kuma yace zai leƙa dipatmen ɗin a Kano ranar Laraba. Baba sai bayan isha'i yake ɗaukar waya, yau zan kira shi. Baban Hanifa in na karɓo bayanin kwasa-kwasan zan iya turo maka ta inbos ka duba min kafin in kai?

baban_hanifa:
Turo, amma ka haɗa da na lab ɗin, su ake yawan mantawa.