Baƙin ruwa mai ɗaci na tsatstsafowa a kan siga: in mayar da kwalin ko in riƙe?

Ɗan Robusto:
Salamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema da gaggawa. Na sayi kwalin siga, wato babbar tabar nan da ake naɗawa da ganyen taba zalla, mai kara 25, naɗin hannu, 'yar Nikaragwa, samfurin robusto, wato gajera mai kauri (lambar kaurinta 50), kuma kuɗin da na zuba ba na wasa ba ne. Duk karan da na kunna, da na ci rabi sai wani baƙin ruwa mai danƙo ya fara tsatstsafowa ta inda na yanka. Da ya taɓa leɓe shi ke nan, ɗaci ya kashe komai, har harshe ya riƙa zafi. Tun kafin a tambaya: ba na huda kan sigar, wato ɓangaren da ake sawa a baki, da reza mai baki biyu nake yankawa a miƙe. A akwatin ajiyata akwai fakitin danshi mai lamba 72, wato mai riƙe danshin iskar akwatin a kashi 72 cikin ɗari. Mai kayan ya ce zai karɓi saura in na mayar kafin ƙarshen mako, amma kuɗi ba za su dawo ba, sai dai musanya. In mayar, ko in riƙe in gwada gyarawa?

Farar Toka:
Daina huda kai, ɗan'uwa. Ƙaramin huji shi ke tara hayaƙi wuri guda, kwaltar ta taru a bakinsa. Nemi reza ka riƙa yankawa a miƙe, ka huta.

Ɗan Robusto:
Malam Farar Toka, ai na ce da reza nake yankawa.

Farar Toka:
To ƙara faɗin yankan.

Kawu Ligero:
Wa alaikumus salam. Yaro, abin da kake gani kwalta ce haɗe da ruwa. Hayaƙi yana tasowa da zafi daga bakin wuta, yana bi ta cikin ganye yana hucewa, abin da ke cikinsa yana sauka a hanya. Siga ba ta da auduga irin ta sigari, ganyenta shi ne matacinta, shi ya sa ƙarshen kara ya fi farkonsa nauyi ko da komai lafiya lau. In ganyen ya sha danshi da yawa sai ya kumbura, hanyar iska ta matse, kai kuma ka ƙara ƙarfin zuƙa don kada wuta ta mutu. Tururi ya yi yawa, duk ya zo ya taru a kai. Lamba 72 ta yi wa irin wannan taba yawa, musamman in an cika mata ligero, wato ganyen saman shuka, mai kauri da maiƙo, mai jinkirin cin wuta. Masu naɗin Esteli, garin taba na Nikaragwa, ba sa rowarsa. Ni a 65 nake ajiye irinta.

Kafin ka yanke hukunci, ɗauki kara ɗaya ka sa shi a kwalin katako wanda babu fakitin danshi, ya kwana biyu. Ka kunna, zuƙa ɗaya a minti, kada ka riƙe shi a baki yawu ya jiƙa kan. In ruwan ya sake fitowa, laifin naɗi ne, ka mayar. In bai fito ba, akwatinka ne.

Mai Ashana:
Zuƙa ɗaya a minti? Kawu, in sayo agogon alkalin wasa ke nan in rataya a wuya?

Na Sha Wuya:
Mayar da shi yau, kada ka jira gobe. Kuma kada ka yarda da musanya, ka tsaya kai da fata sai kuɗinka. Ni wannan kalmar ta musanya ita ta kashe ni.

Irin wannan ruwan ya taɓa fito mini a wani kwali mai babban suna na Kuba da na saya don wani muhimmin taro. Na yi duk abin da masana suka ce. Na sauke danshi, na shanya, na yanke kan da ya jiƙe, na hura iska ta cikin karan don hayaƙin da ya kwanta ya fita. A banza. Ina zaune cikin manyan mutane, baƙin abin nan ya ɗigo mini a farar riga, ga ɗaci ina ta haɗiye yawu ina murmushin dole. Na koma wa mai kayan, ya fara da cewa ni ne ban iya ajiya ba. Da na matsa sai ya ce a yi musanya, ya turo wani kwalin da ya ce ya fi na farko, in cika kuɗi. Na cika. Wannan kuma ko zuƙuwa ba ya yi. Haushi ya sa na ɗauki reza na tsaga kara ɗaya daga sama har ƙasa. Wallahi maimakon dogon ganye a jere, sai gutsattsari suka zubo, da jijiyoyin ganye, da wani zare, da abin da har yau ban san sunansa ba. Na ɗauki hoto na tura masa. Ya karanta, bai amsa ba, washegari lambar ta daina shiga. Kwali biyu, ko ɗaya ban sha da daɗi ba, kuma rigar ba ta fita ba.

Farar Toka:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Robusto:
Allah ya kyauta, Yallaɓai, na tausaya. Amma tawa ba ta Kuba ba ce, kuma na tsaga wanda ya lalace, dogon ganye ne lafiyayye.

Na Sha Wuya:
Haka ni ma na riƙa faɗa wa kaina.

Injiniya 65:
Kowa na ta maganar 72 da 65, ba wanda ya tambayi ko ma'aunin danshinsa na faɗin gaskiya. Mai allura ɗin nan da ke zuwa manne da akwati ado ne kawai. Zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, ka rufe shi da ma'aunin a leda mai zif ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. Abin da ya ƙaru ko ya ragu, kuskurensa ke nan. Na lantarki kuwa bai kai kuɗin kara ɗaya na sigar da kake kuka a kai ba.

Farar Toka:
Bai kai kara ɗaya ba? A ina? Nawa da na saya sai da ya ci kuɗin kara huɗu.

Injiniya 65:
An yi maka tsada.

Farar Toka:
Ko kuma kai aka sayar wa abin wasan yara.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan baƙin abin da kuke neman dabarar ɓoyewa, shi ne dai ke shafar leɓe da harshe da maƙogwaro a kowace zuƙa, ko ya fito fili ko bai fito ba. Rashin haɗiye hayaƙi ba kariya ba ne, nikotin ɗin siga ta fatar baki yake shiga, kuma babbar siga ɗaya tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda. Sankarar baki da ta maƙogwaro ba ta tambayar kuɗin kara. Ƙanena, ka mayar, kada ka karɓi komai.

Mai Ashana:
Anti ta iso, kowa ya ɓoye ashanarsa.

Farar Toka:
Da girmamawa Anti, wanda bai taɓa kunnawa ba ba zai gaya mana yadda ake gyara kara ba.

Anti Nas:
Ban taɓa kunnawa ba, amma ni nake wanke bakin waɗanda suka kunna.

Kawu Ligero:
Maganarta gaskiya ce, ba mai musu, kowa ya san abin da ya ɗauka. Amma yaron tambaya ya yi. Kai kuma Injiniya, tun ba a fara sayar da waɗannan fakitocin ba nake ajiye taba. Matsa kara tsakanin yatsu ya ishe ni: in ya lotsa bai dawo ba ya jiƙe, in ya yi ƙara ya bushe.

Injiniya 65:
Ranka ya daɗe, yatsa ba ya bambanta 68 da 72, kuma a nan matsalar take. Shekaru ba ma'auni ba ne.

Kawu Ligero:
To sha ma'aunin.

Baƙon Dare:
Ni ban ga abin tayar da hankali ba. In ya fito, goge da tsumma, yanke ɗan siriri daga kan, ka ci gaba. Wani lokaci sai ka yanka sau biyu. Af, wane kwali ne ma? In irin wanda nake zato ne, ni rabin kuɗin da ake faɗa nake sayensa a intanet, kuma bai taɓa yi mini ruwa ba.

Na Sha Wuya:
Rabin kuɗi? Tsaga ɗaya ka turo mana hoto.

Baƙon Dare:
In tsaga sigata mai kyau don in faranta maka?

Injiniya 65:
Rabin kuɗi yana yiwuwa a tabar Nikaragwa ko ta Jamhuriyar Dominika in ana ragi. A ta Kuba ne ba ya yiwuwa. Tun da aka ninka farashin Cohiba da Trinidad, manyan samfuran sigar Kuba, a 2022 'yan jabu suka samu kasuwa. Duk wanda ya nuna maka Cohiba a kwali mai murfin gilashi, juya ka tafi. Kwalin gaske yana da koren hatimin gwamnatin Kuba mai lamba, ana iya duba lambar a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke rarraba sigar Kuba.

Na Sha Wuya:
Nawa da hatiminsa ya zo, kore shar. Kwalin gaske suke samu su cika da shara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu sayarwar da ke jiƙa kaya da gangan don kada ganyen waje ya tsage a hanya, in ya iso ya yi maka ruwa a baki su ce kai ne ba ka iya ba.

Farar Toka:
Wannan kam gaskiya ne. Na taɓa buɗe saƙo na tarar da fumfuna a gindin kara, mai kayan ya rantse wai alamar tsufa ce mai kyau, har in gode masa.

Mai Ashana:
Ka gode masa?

Ɗan Robusto:
Jama'a, na sa kara ɗaya a busasshen kwali kamar yadda Kawu ya ce, amma mai kayan ya kira yanzu, wai gobe da safe yake so in kawo, ba ƙarshen mako ba. Kwana ɗaya ya isa a gane?

Farar Toka:
Fumfunar nan fa kore ce, ba fara ba. Bari in nemo hoton.