Bikin tsofaffin jiragen ruwa na Brest: tsohon jirgi ne ko sabo aka sassaƙa?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. A watan Yulin 2024 na kalli hotunan bikin jiragen ruwa da ake yi a Brest, birnin da ke gaɓar teku a yammacin Faransa, inda aka jera ɗaruruwan jiragen gargajiya masu tafiya da iska. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana cewa wasunsu sun haura shekara ɗari, alhali kuwa katako ba ya jure zaman ruwan gishiri na tsawon wannan lokaci ba tare da ya ruɓe ba. To, idan an sauya allunan jirgi ɗaya bayan ɗaya har kusan babu na asali, da wace hujja ake ci gaba da kiransa tsoho?

Ɗalibi a Faransa:
Wa alaikumus salam, Malam. Na halarci bikin, kuma abin da na lura da shi shi ne masu jiragen ba sa ɓoye wannan magana ko kaɗan. An fara bikin Brest a 1992, ana yin sa duk bayan shekara 4, sai dai na 2020 bai yiwu ba saboda annobar korona. Jirgin da birnin ke alfahari da shi, La Recouvrance, ba tsoho ba ne ma: an ƙera shi ne bisa fasalin wani jirgin sojan ruwa na 1817, aka saka shi a ruwa a bikin farko. Na daɗe tsaye a bakin tasha ina kallon wani dattijo yana cusa zare a tsakanin alluna biyu da wani ƙarfe mai faɗin baki, yana bugawa da guduma ta katako a hankali, wani saurayi kuma na durƙushe kusa da shi yana kallon hannunsa. A ganina, wannan sana'a ce ake ƙoƙarin rayawa, katakon kuwa dama mai sauyawa ne.

Tsohon Kafinta:
Ɗana, ka yi gaskiya, amma ka bar rabin maganar. Akwai bambanci tsakanin jirgin da aka kwaikwaya da jirgin da aka gada, kuma labarin wani jirgi mai suna Pen Duick ne ya fi fito da shi fili. William Fife, mashahurin mai zanen jiragen shaƙatawa ɗan Sikotland, shi ya tsara shi, aka ƙera shi a 1898. Da ya zo hannun Éric Tabarly, matuƙin da Faransawa ke girmamawa ƙwarai, gangar jikin jirgin ta riga ta ruɓe har ana ganin ba zai gyaru ba. A 1958 sai ya shimfiɗa zaren gilas da ƙaro a kan tsohuwar gangar, ya mai da ita tamkar mazubin da ya fitar da sabuwa mai siffa iri ɗaya sak. Mai tsananin ra'ayi zai ce jirgin Fife ya mutu tun a ranar. Ni kuwa, da na shafe rayuwata ina gyaran ƙofofi da kujerun mutane, na san cewa mai kaya yana neman a dawo masa da abinsa ne, ba ya ƙirga ƙusa nawa aka sauya. Tabarly ya faɗa teku daga kan wannan jirgi a Yunin 1998, yana kan hanyar zuwa Sikotland wajen taron jiragen Fife, a shekarar da jirgin ya cika 100.

Malama Mai Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina so in ƙara da cewa ba dukkansu ne na katako ba. Jirgin Belem, mai dogayen turaku 3 da ake ɗaura wa ƙyallayen iska, gangarsa ta ƙarfe ce, an ƙera shi a birnin Nantes na Faransa a 1896 domin dakon koko na yin cakulan daga Barazil, daga baya wani basaraken Ingila ya saye shi ya mai da shi jirgin shaƙatawa. Shi ne ya ɗauko wutar wasannin Olamfik daga Girka ya isa birnin Marseille na Faransa ranar 8 ga Mayu, 2024. Wani dalilin daɗewarsa shi ne yana ci gaba da aiki, domin har yanzu mutane na biyan kuɗi su hau su koyi jan igiya da sarrafa ƙyallayen iska, kuma hakan na taimakawa wajen kuɗin gyaransa.

Mai Tambaya:
Na gode muku duka. Na gamsu game da Pen Duick da Belem, amma La Recouvrance dai zan ci gaba da kiransa sabon jirgi mai tsohon fasali.