A taimaka da kalma: miyuziyam na ƙwallon ƙafa

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan ɗauki shiri a rediyo kan wuraren da ake tara kayan tarihin ƙwallo a duniya, irin na FIFA da aka buɗe a Zurik a 2016 da na Ingila da ke Manchesta. Kalmar miyuziyam za ta fito a kusan kowane sakin layi, kuma ba na son in faɗe ta haka. Ina buƙatar tilo da jam'i. Kafin isha'i don Allah, edita na jira.

Ɗan Fagge: Gidan tarihi mana. Jam'i gidajen tarihi. Duk wanda ya san Gidan Makama ya gane.

Malama daga Gwale: Wa'alaikumus salam. Gidan adana kayan tarihi shi ne cikakke, shi muke koya wa yara a aji.

Mai Shirin Wasanni: Malama, na gwada shi da baki: gidan adana kayan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila. Numfashi ya ƙare tun ban kai ga labarin ba.

Sai Masu Gida: Gidan kallon kayan ƙwallo fa?

Ɗan Fagge: Kul! Ka ce gidan kallo a Kano, kowa zai ɗauka rumfar benci da janareto ce, inda muke biyan kuɗi mu kalli Firimiya.

Malamin Nahawu: Ku dakata. Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa wuri suna: ma a gaban aikatau. Karanta, makaranta. Rina, marina. Jema, majema. Ƙera, maƙera. Me ake yi a wannan wuri? Tunawa. Don haka matuna. Matunar ƙwallo. Gajere ne, namu ne, ba aro a ciki. Tarihi ɗin da kuke riƙewa ma Larabci ne. Na daɗe ina ba da wannan shawara.

Malama daga Gwale: Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar daidai yake, amma a rediyo za a ji kamar ka ce ma tuna, wato wata rana ma tuna. Kuma jam'in fa?

Malamin Nahawu: Matunai. Kamar maƙera da maƙeru ma ana iya cewa matunu. Kunne ne zai zaɓa.

Tsohon Ɗan Jarida: Malam, da girmamawa, ba tunawa kaɗai ake yi a can ba. Na shiga na Manchesta. Asali a Preston aka kafa shi a 2001, aka mayar da shi Manchesta a 2012. Akwai ƙwallon da aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 da ita, ta fata, launin ruwan goro, a cikin gilashi. Ɗan wasan Jamus Helmut Haller ne ya tafi da ita gida bayan wasan, sai bayan shekara 30 ta dawo Ingila. Shuɗiyar rigar da Maradona ya saka ranar da ya ci Ingila da hannu a 1986 ma ta yi shekaru a can a matsayin aro, kafin mai ita, tsohon ɗan wasan Ingila Steve Hodge, ya sayar da ita a 2022 a kan fam miliyan 7 da ɗoriya. Yaron da aka haifa jiya me zai tuna a nan? Gani zai yi, ya koya. Abin da ya sa wurin ya zama wuri shi ne kayan da aka adana. Ni ma'adana zan ce, ko taska.

Ɗan Fagge: Ma'adana za ta rikice da ma'adinai, a ɗauka haƙar zinare ake yi.

Sai Masu Gida: Taska kuwa ta yi daɗi a kunne. Taskar ƙwallo.

Malama daga Gwale: Taska ana rufe ta ne a ɓoye makulli. Wannan kuwa tikiti ake yanka a shiga.

Malamin Nahawu: Kun ga dai duk kun dawo kan matuna ba ku sani ba. Matsalarmu mu Hausawa ita ce raina namu. Da a ce daga wata tashar ƙasar waje aka fara jin matuna, da yanzu kowa na yayinta. Kuma tun da ana gyara, a daina cewa ƙwallon ƙafa, tamaula ce.

Ɗan Fagge: Haba Malam! Je ka Ƙofar Mata ranar wasan Pillars ka ji ko akwai mai cewa zan je kallon tamaula. Masu sharhi ne ke faɗin ta don ƙawata magana.

Malamin Nahawu: Ɗana, ba a filin wasa ake daidaita harshe ba.

Ɗan Fagge: To a ina, Baba? Hausar Kano aka ɗauka aka yi daidaitacciyar Hausa da ita, kuma mutanen da ke cika filin nan su ne Kanawan.

Baƙo daga Sakkwato: Kun fara ke nan. Kullum Kano, Kano. Masu sauraren shirin nan har da mu, har da mutanen Maraɗi da Damagaram. Gidan tarihi dai kowa ya san shi, daga nan har can.

Mai Shirin Wasanni: Don Allah a dawo kan hanya, an kusa kiran magariba. Ga wata matsalar kuma. Wuraren ba iri ɗaya ba ne. Na Sao Paulo, wanda aka buɗe a 2008 a ƙarƙashin kujerun filin Pacaembu, ya fi ƙarfi a hotuna da bidiyo da muryoyin masu sharhi, labarin yadda ƙwallo ta shiga jinin mutanen Birazil yake bayarwa. Na Montevideo yana cikin filin Centenario, inda Yurugwai ta ci Ajantina 4 da 2 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na farko a 1930, filin kansa kayan tarihi ne. Sai na kulob, irin na Barcelona da aka buɗe a 1984, da na mutum ɗaya, irin na Cristiano Ronaldo a tsibirin Madeira da na Pele a Santos. Suna ɗaya zai ɗauke su duka?

Tsohon Ɗan Jarida: Na Sao Paulo ya rushe mini ma'adana, na yarda. Gidan tarihi ya ɗauke su duka, domin bai ce kaya ba, bai ce hoto ba. Gidan tarihin Barcelona, gidan tarihin Pele. Inda kofuna ne kawai a jere a kabad, ka ce ɗakin kofuna, kada ka ba shi girman da bai kai ba.

Malamin Nahawu: Na Sao Paulo ɗin nan ai shi ne matuna tsantsa.

Sai Masu Gida: Ni abin da ke raina daban ne. Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly a 2009 har ta kai kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Raccah Rovers ta ci gasar tun 1978. An buga wasu wasannin Kofin Afirka na 2000 a garin nan. Ranar da aka tara rigunan nan da kofunan nan da hotunan wuri guda, me za a rubuta a bakin ƙofa? Ka faɗi wannan a shirin, Yaya, ko da minti ɗaya ne.

Mai Shirin Wasanni: Zan faɗa, in sha Allahu. Ga abin da na tsayar: a farkon shiri zan faɗi cikakken na Malama sau ɗaya, gidan adana kayan tarihin ƙwallon ƙafa, daga nan sai gidan tarihi da gidajen tarihi. Ɗakin kofuna ga ƙananan. Na gode ƙwarai.

Malamin Nahawu: Shirinka ne. Amma ban janye ba, dogon suna bayani ne, ba suna ba ne. Ka ambaci matuna ko sau ɗaya ka ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Wasanni: In lokaci ya rage, Malam.

Malama daga Gwale: Ka dai rubuta tarihin ƙwallo da ƙ mai lanƙwasa a takardar da za ka ba edita.