Neman taimako: me za mu kira "Poet Laureate" da Hausa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da yamma zan gabatar da shiri a rediyo kan Rita Dove, Ba'amurkiya marubuciyar waƙoƙi. An haife ta a Akron ta jihar Ohio a 1952, ta ci kyautar Pulitzer a 1987, kuma tun 1989 take koyarwa a Jami'ar Virginia. Inda na maƙale shi ne muƙamin da ta riƙe daga 1993 zuwa 1995, wato Poet Laureate. Furodusa na jiran rubutun kafin isha'i.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Sarauniyar Waƙa ta Amurka. Kowa zai gane.

Usman: Malam, a yi haƙuri, ba sarauta ba ce. Shugaban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ne ke naɗawa, wa'adin shekara ɗaya, ana iya sabuntawa. Ba a ɗora wa mai muƙamin yabon shugaban ƙasa ba, aikinsa jawo mutane su karanta waƙa. In aka ce sarauniya, mai shayi da ke sauraro zai ɗauka tana da makaɗa da 'yan amshi. Ni dai Sha'irar Ƙasa nake gani, namiji kuma Sha'irin Ƙasa.

Baba Garba: Kullum sai an ruga wurin Larabawa aro? Muna da magajiya. Ta gaji waɗanda suka gabace ta, wani kuma ya gaje ta. Ku ce Magajiyar Baituka.

Usman: Baba, ai baiti ma Larabci ne.

Baba Garba: To Magajiyar Ɗango. Ɗango namu ne, gada muka yi. Takaicina ke nan da ku 'yan jami'a, kun fi ganin girman kalma in ta sha ruwan wani harshe.

Hajiya Rabi: Daga Damagaram nake. Mu nan ba ma jin sha'iri a bakin mutane sai a makarantun ilimi. Kuma don Allah a riƙa tunawa ba Kano kaɗai ke jin rediyo ba.

Malam Sani: Hajiya, wa ya kawo zancen Kano? Daidaitacciyar Hausa ta kowa ce.

Hajiya Rabi: Ta kowa ce, amma ba a tambayar kowa kafin a yanke.

Hadiza: Iyayena, lokaci na tafiya. Baba, ɗango layi ɗaya ne cikin baiti, ina tsoron ya rage mata daraja. Sannan zan ce ita ce baƙar fata ta farko a muƙamin, tana da shekara 40.

Usman: Ki kula a nan, ƙanwata. Robert Hayden, wanda shi ma baƙar fata ne, ya riƙe kujerar tun 1976, lokacin ana kiranta mai ba da shawara kan waƙa. A 1985 majalisa ta sauya sunan. Sai ki ce ta farko bayan sauya suna.

Hadiza: Na gode, Yaya. Zan ce Sha'irar Ƙasa, in bi shi da bayani: marubuciyar waƙoƙin da aka zaɓa ta wakilci fannin a ƙasa baki ɗaya.

Baba Garba: Don gobe ne, ki yi. Amma ban yarda a shigar da ita ƙamus ba, kuma ina nan kan magajiya.