Substitution a lissafin intagiral: ni dai "canji" na zaɓa

1/ Malaman lissafi, ku matso. Ana neman Hausar substitution, wato dabarar sauya harafin da ake lissafi da shi don intagiral ya yi sauƙi, kuma an kawo uku: musanya, maye gurbi, canji. Mu gwada su a kan aiki tukuna.

2/ Ga intagiral na dθ/(2 + cos θ), daga 0 zuwa 2π. Sai mu ce z = e^(iθ), inda i take nufin √−1, bisa ƙa'idar da Euler ya wallafa a 1748. Nan take cos θ ya koma (z + 1/z)/2, dθ kuma ya koma dz/(iz). Abin da ke ciki ya zama 2dz a kan i(z² + 4z + 1). Saiwoyin ƙasa, wato lambobin da ke mai da z² + 4z + 1 sifili, biyu ne, −2 + √3 da −2 − √3, na farkon ne kaɗai ya faɗo cikin da'irar da z ke kewayawa, wato |z| = 1. Da dabarar Cauchy ta lissafa intagiral a kewayen da'ira, amsa ta fito 2π/√3.

3/ Musanya ba ta zauna ba, don ita ba-ni-in-ba-ka ce. A nan z ba ta karɓi komai daga θ ba.

4/ Maye gurbi ta fi daɗin ji, amma tana da tarko. Ɗalibi zai ɗauka a cire harafi ne a sa wani, shi ke nan. Sai ya duba iyaka: θ = 0 ta ba shi z = 1, θ = 2π ma ta ba shi z = 1, ya rubuta sifili yana murna. Alhali z zagaye ta yi, ta kewaye da'ira cif sau ɗaya ta dawo. Da lambobi masu i, hanyar da aka bi tana cikin lissafi.

5/ Canji kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya san ba a miƙa sefa a karɓi naira sai an tambayi farashi. To, 1/(iz) ɗin nan shi ne farashin canji, kuma shi ɗalibai suka fi mantawa.

6/ Wani zai ce ai canji ma aro ce daga Turanci. Haka ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida.

7/ A allo sai mu rubuta: yi canji, biya farashi, zana sabuwar hanya. Malaman Zinder da Maraɗi, da Faransanci kuka karanta wannan, ya kuke faɗa wa ɗalibanku in kun juya Hausa?