Salansar da Aka Sauya Ta Cika Ƙara: Taƙaitawar Shawarwari

Ga abin da aka tattaro daga wata doguwar tattaunawa kan yadda za a rage ƙarar salansar mota da aka sauya.

1. Kowa ya yarda a fara neman yoyon hayaƙi. A tayar da inji yana sanyi, a shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututun. Inda ya yi kumfa, ko aka ga baƙin kunkunniya, gaskit (abin da ke toshe tsakanin mahaɗin) ya ƙone ko walda ta tsage. Wannan ba na wasa ba ne, hayaƙin na iya shiga cikin mota.

2. Rugugin da ke cika kunne tsakanin juyin inji 2,000 zuwa 3,000 a minti, yawanci cire rizoneta (ƙaramar tukunyar rage rugugi a kan bututun) ke jawo shi. A mayar da ita tsakiyar bututu, doguwa ta fi.

3. Bututun inci 3 ya yi wa ƙaramin inji marar turbo (na'urar tura wa inji ƙarin iska) yawa, inci 2.25 zuwa 2.5 ya isa.

4. Tukunyar salansa mai miƙaƙƙen rami tana ƙara kuka idan zaren gilashin cikinta mai shanye ƙara ya ƙone. Sai a sake cusa sabo, in tana buɗewa.

Inda aka rabu: toshiyar da ake ɗaurawa a bakin salansa. Wasu sun ce tana rage ƙara nan take, wasu sun ce shaƙe injin take yi, gara a sa tukunya mai ɗakuna a ciki.

Cusa soson ƙarfe a cikin salansa kuwa, babu wanda ya goyi baya: ƙonewa yake ya fito.